Neman kalmar Hausa: maniƙi, kurkura da kanta a injin gahawar matsi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da Madina, da duk wanda wannan zance ya iske. Kalmomi nake nema, kuma so nake mu tsayar da su tare. Yaranmu da ke aiki a shagunan gahawa, da masu sayo injin esfireso na hannu a Haraj, kasuwar kayan gwanjo, su kai gida, da Larabci da Turanci suke kiran kayan: makina, maɗhana, giranda. Da zarar an juyo Hausa sai komai ya koma "wanke inji" da "injin niƙa". Abin yana damuna, domin wanki iri biyu ne a wannan inji, kowanne da maganinsa da ƙofar da ake bi, kuma wanda ya haɗa su a baki zai haɗa su a aiki, ya kashe injin da ya zuba riyalolinsa ya saya.

Esfireso ita kanta ba ta ba mu wahala ba. Na kawo "gahawar matsi", kuma mafi yawanku kun karɓa. Wasu sun so "gahawar gaggawa", amma ba sauri ne ya raba ta da gahawar dalla, butar gahawar Larabawa, ko jabanar 'yan uwanmu na Sudan ba. Waɗancan tafasa su ake yi. Wannan kuwa ruwa ne mai zafin digiri 90 zuwa 96 ake turawa da ƙarfin da ya kai bar 9 a ma'aunin matsi ta cikin danƙararren gari, kimanin giram 18, a samu giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Tun da Achille Gaggia ya fito da injinsa mai hannun ja a Milan bayan yaƙin duniya na biyu, matsin nan shi ke haifar da kumfar da ke kwanciya a kai.

To, wanki na farko. Ka cire ludayin da ake zuba gari, ka leƙa ƙarƙashin kan injin, za ka ga 'yar rariyar ƙarfe, galibi da noti ɗaya a tsakiya. Kwance ta. A injin da ya shekara a hannun wani, bayanta baƙi ƙirin yake da maiƙo mai danƙo, idan ka lakato da yatsa ka shinshina sai ka ji hamamin tsohon mai. Man gahawa ne ya taru ya lalace, kuma shi ke sa sabon waken gahawa mai tsada ya fito da ɗacin da ba nasa ba. Rariyar da kwandon da ke cikin ludayin ana jiƙa su a ruwan zafi da hodar wankin gahawa irin su Cafiza ko Puly Caff. Amma hanyar da ke bayan rariyar hannu ba ya kai wa can. Sai a sa kwando marar huda a ludayin, a zuba hodar kamar rabin ƙaramin cokali, a ɗaura, a kunna famfo daƙiƙa 10 a kashe. Ruwan da ya rasa mafita sai ya juya baya ta cikin bawul, ya tofo kumfa ruwan ƙasa a tiren da ke ƙasa. A maimaita kamar sau 5, sannan a sake da ruwa zalla.

Wannan aikin na ce mu kira shi "kurkura". Ruwa ne ya shiga, ya kaɗa, aka furzar da shi ba a haɗiye ba, kamar yadda muke yi da baki a alwala. Malam na Madina, Allah ya ƙara maka lafiya, ka ce "ɗauraya" ta fi. Na duba maganarka da kyau. Ɗauraya a wurinmu ita ce ta ƙarshe, bayan sabulu ya gama aikinsa, kuma muna da bukatarta a nan ɗin ma: bayan an kurkure da hoda sai a ɗauraye da ruwa. In muka ba ta aikin farko, na biyun ya rasa suna.

Sai dai ba kowane inji ake kurkurewa ba. Sai mai bawul ɗin nan mai hanya uku da ke sako matsi bayan an kashe famfo, irin Rancilio Silvia da yawancin Gaggia Classic. Ƙananan injunan gida da yawa ba su da shi, ruwan ba shi da inda zai koma. Gane shi ba wuya: in ka gama zubo gahawa ka ji "fuss" ruwa ya ɗigo a tire, akwai shi.

Wanki na biyu shi ne muka fi jan magana a kansa. Cikin tukunyar da ke dafa ruwa da bututunta wani farin abu yana daskarewa, ma'adinan da ke cikin ruwa ne zafi ke fitar da su su manne. Larabawa suna cewa kils. Hajiya ta kawo "tsatsa", amma Hajiya, tsatsa ƙarfen ne da kansa ke ciwuwa, wannan kuwa baƙo ne ya zauna a kan ƙarfen. Wani ƙanena ya ce "ƙanzo", shi kuma abinci ne da ya kama gindin tukunya. Ni "kanta" ta fi kwanta mini, kantar ruwa, domin a hankali take taruwa har ta yi tauri. Aikin fitar da ita kuma "narkar da kanta", tunda ba kankarewa ake yi ba. Tsami ke cinye ta, kuma ta tankin ruwa ake zuba shi ya bi duk hanyar da ruwa ke bi. Milhul laimun, farar hodar tsamin nan da ake samu wurin masu kayan ƙamshi, yana yi, cokali 1 zuwa 2 a lita guda. Injin da tukunyarsa ta alminiyam ce, kamar tsofaffin Gaggia Classic, gara a nemi maganin da kamfanin ya tanada, kuma kada a bar shi ya daɗe a ciki. Khal, wato binigar, ban ba da shawararsa ba, warinsa yana daɗewa bai fita ba.

Ga dalilin da ya sa na nace a kan kalmomi biyu: hodar kurkura ba ta narkar da kanta, tsami kuma ba ya fitar da maiƙo, kuma hodar kurkura ba ta shiga tanki ko kusa. A injin da ya daɗe ba a kula da shi ba, kantar kan ɓanɓaro gutsi-gutsi ta toshe 'yar ƙofar bawul, ruwa ya tsaya cak. Ba mutuwa ya yi ba, kwance bawul ɗin za a yi a share.

Kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai sayarwa wane ruwa yake zuba masa. Ruwan Jidda da Makka daga matatar teku ta Shu'aiba yake zuwa, na Riyad kuwa akan gauraya shi da na rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa. Wata 'yar uwa ta tambayi Zamzam. Zamzam yana da yalwar ma'adinai, a sha shi yadda yake, kada a zuba a tukunyar inji. A kuma kifa injin a karanta tambarin wuta, domin wanda aka yi wa kasuwar Amurka na volt 120 ne, layin volt 220 zai ƙone shi. Zoben robar da ludayi ke kamawa kuwa, in ya bushe, canza shi kawai.

Yanzu babbar kalmar. "Giranda" a kunnen Bahaushe ta masu walda ce. "Injin niƙa" kuma na dawa da masara ne a bakin kasuwa. Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa kayan aiki suna: buɗe ya ba da mabuɗi, tsefe ya ba da matsefi, tace ya ba da mataci. Niƙa sai ta ba da "maniƙi", jam'i maniƙai. An ce za a ɗauka mutum mai niƙa ake nufi. A baki karin sauti yana raba su, a rubuce kuma ba wanda zai karanta "na sayi maniƙin gahawa" ya rikice.

Abin da nake roƙo shi ne kada mu ba kowane abu wannan suna. Ɗan injin nan mai wuƙa da ke juyawa a gindin kofi, wanda ake niƙa kayan yaji da shi, sara yake yi: wani ɓangare ya zama ƙura, wani ya tsaya tsaki, ruwa ya sami gefen da ya fi sauƙi ya wuce da gudu. Shi mu ce "mai wuƙa". Maniƙi shi ne mai duwatsu biyu na ƙarfe da wake ke bi ta tsakaninsu, tazararsu ce ke yanke laushin gari. Na ce duwatsu da gangan, don aikin dutsen niƙa suke yi. Akwai masu faifai, kamar Eureka Mignon da DF64, akwai masu siffar mazurari, kamar Niche Zero da na hannu irin 1Zpresso. Duka suna yi. Abin dubawa shi ne saitinsa ya zama mai ƙananan matakai, domin ɗan juyi kaɗan yana mayar da zubowar daƙiƙa 20 ta zama ta 30. Ra'ayina, wanda ya samu inji da araha a gwanjo ya zuba rarar kuɗin a maniƙi, can ne ɗanɗanon yake.

Baba Alhaji na Makka, ka ce nijir, turmin Larabawa, da namu turmi sun ishe ku shekara da shekaru. Gaskiya ne Baba, kuma har gobe sun dace da gahawar dalla, wadda ɓarza take so. Ta matsi tana son gari da ya fi gishirin tebur laushi amma bai kai lilis irin na Turkawa ba, kuma kowace ƙwaya kusan daidai da 'yar uwarta, daka ba ya iya wannan. Hel, ɗan ƙamshin nan da ake sa wa gahawar Larabawa, da citta ma a bar wa turmi, in suka shiga maniƙi ƙamshinsu ba ya fita da wuri. Shi maniƙi da busasshen buroshi ake share shi, ruwa ba ya taɓa duwatsunsa.

Saura biyu ban iya tsayarwa ni kaɗai ba. Ƙarfen da ake danne gari da shi, Yaya ta ce "madanni", ni kuma na karkata ga "madaɓi", saboda ba dannewa kaɗai ake so ba, har da baje fuskar garin ta yi sumul. Sai abin da nake ta kira ludayi, wanda wasu suka fi so a ce "mariƙi". Ku da kuke tsaye a bayan teburin sayarwa a shagunan Jidda, ku gwada su da abokan aikinku Hausawa, ku gaya mana wanne ke fitowa da sauƙi a lokacin da layi ya yi tsawo.