Neman shawara: shagona yana kusa da babban layin wuta, shin ƙwayoyin antioksidan za su kare ni?

Mai tambaya, daga Ayobo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon hatsi a Ayobo, kusa da manyan wayoyin wutar da ke fita daga tashar Ikeja West. Idan damina ta sauka nakan ji wayoyin suna ƙara kamar ana suya, wani lokaci kuma idan na taɓa kwanon rufin shagon sai in ji ɗan tsiko a yatsuna. Kwanan nan wani mai tallan magani ya ce mana an yi bincike an gano cewa ƙarfin lantarkin da ke kewaye da wayoyin yana lalata hanta da ƙwaƙwalwa, kuma wai ƙwayoyin da yake sayarwa, waɗanda aka haɗa da koren ganyen shayi da zogale, suna ɗauke da antioksidan da ke gyara wannan ɓarna. Kuɗinsu ba kaɗan ba ne, ga shi yarana biyu suna wuni tare da ni a shagon. Shin in saya, ko akwai abin da ya fi dacewa in yi?

Wata mai harhaɗa magunguna, daga Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar mai tallan tana da tushe, amma ya miƙa ta fiye da inda ta tsaya. Jiki yana samar da wasu sinadarai masu lahani ga ƙwayoyin halitta a duk lokacin da yake sarrafa abinci da iskar da muke shaƙa, kuma antioksidan su ne ke rage kaifinsu. Wasu jiki ne yake ƙera su da kansa, wasu kuma kamar bitamin C da E daga abinci muke samunsu. Gaskiya ne an sanya ɓeraye da makamantansu a cikin ƙarfin lantarki a ɗakunan gwaji, aka ga alamun irin wannan lahani sun ƙaru a hanta da jini, wasu lokuta kuma alamun suka ragu da aka ba su antioksidan. Sai dai canjin wani ma'auni a hantar ɓera bai zama hujjar cewa mutum zai kamu da ciwo ba, balle a ce ƙwayar da ake talla a kasuwa za ta hana shi. A 2002 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sanya ƙarfin maganaɗisun layukan wuta a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar kansa, saboda 'yar alaƙar da aka gani da kansar jini a yara, amma ta ce hujjar da ake da ita kan shi ƙarfin lantarkin, wanda daban yake da na maganaɗisu, ba ta isa a yanke hukunci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zaton cewa duk abin da aka ce daga ganye yake ba ya cutarwa. A binciken da aka yi a Finlan, wanda aka wallafa a 1994, masu shan taba da aka ba ƙwayoyin beta-karotin, wanda shi ma antioksidan ne, sun fi waɗanda ba a ba su ba kamuwa da kansar huhu, kuma wani binciken a Amurka ya nuna a 2011 cewa ƙwayoyin bitamin E sun ƙara haɗarin kansar mafitsarar maza ta furostat. Sinadarin koren shayi ma, idan aka tattara shi da yawa a ƙwaya, an san yana iya raunata hantar da ake cewa zai kare. Kada ka ba yara, kai ma kada ka sha abin da ba shi da lambar NAFDAC.

Wani injiniyan lantarki, daga Ikorodu:

Ɗan'uwa, ni tsikon da ka ambata ya fi ɗaukar hankalina. Ƙarar da kake ji iska ce da ke kewaye da wayar take tartsatsi idan akwai laima, wannan kuwa abu ne sananne. Tsikon kuma yana iya zama cajin da layin ya tara a kwanon da ba a haɗa shi da ƙasa ba, yana iya zama kuma wata waya ce ta cikin shagonka ta saɓule tana taɓa ƙarfe, wanda shi ne mafi haɗari. Ka nemo ƙwararren mai gyaran wuta ya duba a wannan makon, ya kafa ƙarfe a ƙasa ya haɗa rufin da shi.

Bango da rufi da bishiyoyi suna tare mafi yawan ƙarfin lantarki, maganaɗisu kuwa yana ratsa su, amma dukansu suna raguwa da sauri gwargwadon nisanka da waya. Shi ya sa ƙa'ida a Najeriya ta ware wa layin kilobolt 330 fili mai faɗin mita 50, wato 25 a kowane gefe, na kilobolt 132 kuma mita 30. Idan shagonka yana cikin wannan fili, babban haɗarin shi ne waya ta tsinke ta faɗo, ko wuta ta yi tsalle ta kama mai ɗaga dogon ƙarfe ko mai hawa rufi, domin a irin wannan ƙarfi ba sai an taɓa waya ba. Bayan haka, gini a wurin hukuma tana iya rushe shi.

Wata Hajiya mai sayar da kayan miya, daga Mile 12:

Ɗana, tun da likitar magani ta ce daga abinci ake samun abin, to ai yana gabanmu. Tumatir, tattasai, albasa, manja, zogale, lemo da gwaiba duk ana sauke su a nan kowace safiya, ga zoɓo da kuka da ake kawowa daga Arewa. Kuɗin kwalba guda na ƙwayoyin nan zai cika maka kwando. Ka dai rage sukari a zoɓon, kuma idan kana shan maganin hawan jini ka gaya wa likitanka, saboda zoɓo ma yana saukar da jini.

Mai tambaya:

Allah Ya saka muku da alheri. Na auna da taku, daga ƙasan wayar gefe zuwa ƙofar shagon bai fi taku goma sha biyar ba. Injiniya, yaya zan gane ƙarfin layin?

Injiniyan:

Ka duba allon gargaɗin da ake maƙalawa a jikin hasumiyar, yawanci ana rubuta ƙarfin layin a kai, amma daga nesa za ka karanta, kada ka taɓa ƙarfen. Ana auna filin ne daga tsakiyar layin, don haka idan na 330 ne, akwai yiwuwar kana cikinsa ko a bakin iyakarsa, kuma ya kamata ka je ofishin TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, su tabbatar maka. Kafin nan ka hana yaran hawa rufi da wasa da dogayen sanduna a waje, kuma idan hadari ya taso ku rufe shagon ku bar wurin. Kuɗin da ka yi niyyar kashewa a ƙwayoyin, ka fara biyan mai gyaran wuta da shi, ragowar ka ajiye don neman wani shagon idan awon ya nuna kana ciki.