Jita-jita ta mamaye zauren unguwarmu, yaya zan yi?

Jama'a, don Allah ina neman shawara. Ni da wani maƙwabcina ne muke kula da zauren unguwarmu na intanet, wanda aka buɗe domin cigiya da sanarwar tsaro. Yanzu ya koma dandalin ƙanzon kurege.

Wani dattijo ne ke ta turo saƙon cewa turakun 5G, wato na sabis ɗin waya mai saurin intanet, suka haddasa korona. Maganar nan ce ta sa aka ƙona turakun waya a Ingila a 2020, alhali cutar ta yaɗu har inda babu 5G. Na goge, na bi shi a keɓe na yi masa bayani cikin ladabi. Washegari ya shelanta wai an saye ni, gogewar ma ita ce hujjarsa. Maƙwabcin nawa da muke kula da zauren tare kuma ya goya masa baya, wai a bar kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

Kullum muna gaisawa da dattijon nan, cire shi ba ƙaramin abu ba ne. In na yi shiru kuma, masu hankali sai ficewa suke yi. Ku da kuka taɓa riƙe irin wannan zaure, wace doka kuka kafa ta yi aiki? Wa ke raba gardama idan masu kula suka saɓa?