Kiran RPC da matsayin mai amfani: wa ya taɓa ɗaure su, kuma yaya ya yi?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan gida. An ba ni duba manhajar wata makaranta mai matsayi huɗu: shugaba, malami, akawu da iyaye. Burauza tana magana da saba ta JSON-RPC, wato hanyar aika wa saba saƙo don ta gudanar da wani aiki; duk kira ƙofa ɗaya yake shiga, sunan aikin yana cikin saƙon. Wanda ya rubuta ta ɓoye maɓallai kawai ya yi. Na shiga da asusun iyaye, na kwafi kira ɗaya, na sauya sunan aikin zuwa na gyara maki, saba ta karɓa ba ko gardama. Kafin in sa hannu, ina son jin yadda kuka yi da naku.

Maryam: Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Irin wannan na gada a wani asibiti. Tunda adireshi ɗaya ne, duk dokar da ka sa a kan adireshi ba ta ganin komai, dole binciken ya zauna a wurin da ake rarraba kira. Tebur na yi: kowane aiki da izinin da yake buƙata, kowane matsayi da izinin da yake da shi. Aikin da ba ya cikin teburin a hana shi, ko da shugaba ne ya kira. Abokan aikina sun yi ta mita a farko, don duk sabon aikin da suka rubuta sai ya ƙi tashi har su yi masa rajista. Ai abin da nake so ke nan. Kuma ka lura, JSON-RPC 2.0 tana yarda a turo kira da yawa a dunƙule. Tsohon kod ɗinmu na farkon kawai yake dubawa, sauran su bi bayansa su wuce.

Injiniya Bashir: Mu masu Odoo, manhajar tafiyar da harkokin kasuwanci, namu salon daban ne. Duk aikin da ka rubuta a kan model, wato tsarin wani nau'in bayanai, in sunansa bai fara da ɗan layin ƙasa (_) ba, ana iya kiransa daga waje. Na taɓa samun wani aiki na amincewa da rangwame, an sa sudo(), wanda ke tsallake binciken izini, a ciki don a huta da ƙorafin izini. Maɓallin manaja kaɗai ke gani, amma yaron kanta zai iya kiran aikin kai tsaye ya ba wa kansa rangwamen.

Hamza Maradi: Ranka ya daɗe Injiniya, ni ko bayan an gyara matsayi matsalata ba ta ƙare ba. Kamfanin da na yi wa aiki rassa uku gare shi, kowane reshe da akawunsa. Matsayi ya ce akawu na iya buɗe rasit, to gaskiya ne, amma rasit ɗin wa? Lambobin a jere suke, akawun wannan reshe ya ƙara ɗaya a kan lamba sai ga cinikin wancan reshe a gabansa. Matsayi yana gaya maka irin aikin da mutum zai yi, ba ya gaya maka a kan kayan wa. Sai da muka sa lambar reshe cikin kowace tambaya da ke zuwa rumbun bayanai, kuma daga zaman shigar mutum muke ɗaukarta, ba daga abin da burauza ta turo ba. Malam Sadiq, a taka makarantar wannan shi ne uba ya buɗe sakamakon ɗan wani, ko malamin lissafi ya taɓa makin Turanci. Ba banza ba OWASP, ƙungiyar tsaron manhajojin yanar gizo, ta sa karyewar iko, wato mutum ya iya yin abin da ba a ba shi izini ba, a lamba ta ɗaya a jerinta na manyan haɗurran tsaro na 2021, kuma a jerinta na 2023 na API, wato ƙofofin da manhajoji ke magana da juna, wannan matsalar ta sauya lamba a buɗe kayan wani ce a sama.

Nura: A WordPress, manhajar gina shafukan yanar gizo, kullum abu ɗaya nake gani cikin fulogin, wato ƙananan manhajojin ƙari, da ake kawo mini: an kira check_ajax_referer an tsaya nan. Wannan yana nuna kiran daga shafinka ya fito ne kawai, ba ya nuna mai kiran ya isa. Sai an haɗa da current_user_can, wanda ke duba izinin mai kiran. Shi kuwa xmlrpc.php, wata ƙofar kiran WordPress daga waje, in ba mai amfani da shi, rufe shi nake yi.

Zainab: Nawa na tokin ne, wato shaidar da saba ke ba mutum bayan ya shiga. Mun zuba matsayi cikin tokin nau'in JWT mai rai kwana bakwai. Aka sauke wata daga kan kuɗi ranar Litinin, har Alhamis tana iya mayar wa kwastoma kuɗi, don tokinta yana nan yana cewa ita ce. Yanzu rayuwar tokin 'yan mintuna ce, duk aikin da ya taɓa kuɗi kuma sai an sake leƙa matsayin mutum a rumbu. Ya ɗan ƙara nauyi, amma ba wanda ya ji a jikinsa.

Aliyu: Anti Maryam, ina tare da ke a kan tebur, sai dai kar a bar mai gadi ɗaya. A Maris 2025 an bayyana cewa a Next.js, wani tsarin gina manhajojin yanar gizo, ƙara layi guda a saman saƙo (header) mai suna x-middleware-subrequest ya isa a tsallake middleware, wato kod ɗin da ke tare kira kafin ya kai ga aiki, gaba ɗaya. Waɗanda suka jingina duk tsaronsu a can sun kwana a buɗe. Mu abin da ya cece mu shi ne kowane aiki yana sake tambayar izini da kansa.

Sadiq: Na gode ƙwarai. Tebur da lambar mai kaya zan fara. Wace amsa kuke mayarwa in an hana kira?

Maryam: In bai shiga ba sam, lambar kuskure 401 nake mayarwa tun a bakin ƙofa. In ya shiga amma bai isa ba, kuskuren JSON-RPC nake mayarwa da lamba daga cikin -32000 zuwa -32099 da aka ware wa saba, ba tare da faɗin izinin da ya rasa ba. Sannan in rubuta wa ya kira, wane aiki, yaushe. Ka kuma rubuta gwajin da zai kira kowane aiki da kowane matsayi cikin huɗun nan, ya kwatanta sakamakon da teburin.