Ɗage taro da zaɓen ƙungiyar ƙwadago lokacin annoba: abin da ya yi aiki da abin da ya jawo rigima

Tsohon sakataren reshe, Kano:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so mu tattara abin da muka gani a 2020 tun bai shige mana ba, domin korona ba ita ce annoba ta ƙarshe ba. Ga mashaƙo nan da ya addabi Kano bayanta, ga kwalara duk damina. Korona ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, aka kulle Legas da Abuja daga 30 ga Maris, Ogun kuma daga 3 ga Afrilu, Kano ta bi sahu a tsakiyar Afrilu, ba a kuma buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi ba sai farkon Yuli. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ta auna arziki, don ta yi babban taron wakilanta a Fabrairun 2019, na gaba sai 2023. Takwararta ta manyan ma'aikata, TUC, ita ma 2019 ta yi nata. Waɗanda abin ya rutsa da su rassa ne da majalisun jihohi da wa'adinsu ya cika ana tsakiyar kulle. Wa ke da ikon ɗage zaɓe? Wa zai riƙe kujera? Ta yaya aka yi zaɓen daga baya? Duk mai abin faɗi ya faɗa.

Lauyan ƙwadago, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Kwamared. Tushen matsalar yana cikin kundin tsarin mulkin ƙungiyoyin. Akasarinsu sun faɗi tsawon wa'adi, shekara uku ko huɗu, amma ba su ce uffan ba kan ranar da taro ba zai yiwu ba. Gyara kundin kuma sai da taron wakilai, sannan a kai wa Magatakardan Ƙungiyoyin Ƙwadago a Ma'aikatar Ƙwadago ya yi masa rajista. Wato taron da aka kasa yi shi ne kaɗai zai iya halatta rashin yin sa.

Mafitar da ta fi tsayawa da ƙafarta ita ce ƙuduri daga majalisa mafi girma da za ta iya zama, majalisar zartarwa ta jiha ko ta ƙasa. Shugaba da sakatare su biyu ba su da wannan ikon, ko da sun buga hatimi goma. Ƙudurin ya ambaci umarnin gwamnatin da ya hana taro da kwanan watansa, ya sa ranar zaɓe ko ranar sake zama, misali kwana 90, ya faɗi wanda zai riƙe ofis da iyakar ikonsa, ya kuma ce taron membobi na farko zai amince da shi ko ya soke. Kalmar da ta fi kowacce haddasa fitina ita ce "sai abin da hali ya yi". Da zarar membobi sun gan ta a sanarwa, tazarce suke karantawa, kuma sau da yawa ba su yi kuskure ba.

In rigima ta kai kotu, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta je, bisa sashe na 254C na tsarin mulkin 1999. Abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai fara nema uku ne: takardar kiran taro, jerin waɗanda suka halarta, da rubutaccen bayanin zaman mai sa hannu.

Ma'ajiyar reshe, ɓangaren lafiya:
Barista, ka bar maganar banki, kuma nan ne wuta ke fara tashi. Masu sa hannu a asusu da sunan muƙaminsu suke sa hannu. Ranar da wa'adi ya cika, takarda ɗaya daga ɓangaren adawa ta isa banki ya dakatar da asusun har a sasanta. Hukumar wurin aiki ma, in ta ga shugabanci biyu, sai ta riƙe kuɗin ƙungiya da ake cira daga albashi, ta ce ba ta san wanda za ta ba ba. Don haka a kai wa banki da ofishin albashi kwafin ƙudurin kafin wa'adin ya cika, a karɓo shaidar sun karɓa.

Sannan a ɗaure hannun masu riƙo. Albashin ma'aikatan sakatariya, haya, wuta, tallafin rasuwa da na jinya, shi ke nan. Ba sayen fili, ba sayen mota, ba sabuwar kwangila. Kuɗin zaɓe a ware shi gefe kada a taɓa. Inda aka fi samun ɓaraka shi ne kayan tallafi: an kwashi kuɗin zaɓe an sayo shinkafa da taliya, ɗan takara kuma shi ke rabawa da hannunsa, hotonsa na yawo a WhatsApp. Tallafin ba laifi ba ne, mutane na cikin yunwa a lokacin. Amma wakilan sassa su raba bisa jerin sunaye, kuma bayanin shige da ficen kuɗi ya fita duk ƙarshen wata.

Wakilin sashe, Zariya:
Ni ina ganin tsofaffi su sauka ranar da wa'adinsu ya cika, a kafa kwamitin riƙon ƙwarya. Mai neman komawa kujera ba zai yi gaggawar kiran zaɓe ba.

Tsohon mai binciken kuɗi na jiha:
Ɗana, maganarka da ƙamshin gaskiya, amma wa zai naɗa kwamitin? In uwar ƙungiya ce, galibi nata take kawowa, kuma riƙon wata uku ya kan zama shekara. Tsofaffin ko ba komai ƙuri'a ce ta kawo su. Abin da na ga ya zauna lafiya shi ne su ci gaba da riƙo, amma ranar zaɓe da rajistar masu zaɓe su fita daga hannunsu su koma hannun kwamitin zaɓe. In dole sai riƙon ƙwarya, mutum biyar sun isa, kuma kowannensu ya sa hannu cewa ba zai tsaya takara ba.

Mataimakin sakatare, ƙungiyar malamai:
Kan taro ta intanet. Zoom na kyauta mutum 100 yake ɗauka, ya yanke bayan minti 40, rukunin WhatsApp kuma a lokacin 256 ne iyakarsa. Ga majalisar mutum 25 zuwa 40 ya wadatar, in an kiyaye wasu abubuwa. A tura ajanda da takardu kwana uku kafin zama. A tura wa kowa kuɗin data, in ba haka ba na ƙauye ne za su faɗi, a bar na birni su yanke hukunci. Sakatare ya kira suna ɗaya bayan ɗaya a farko, ya sake kira kafin kowace ƙuri'a, domin netwok na zubar da mutane ba a sani ba, sai a zartar da magana alhali adadin da kundin ya tanada bai cika ba. Wanda layinsa ya yanke a kira shi a waya a sa a lasifika kowa ya ji bakinsa. A naɗi zaman, a kuma zaga da rubutaccen bayaninsa a sa hannu cikin mako.

Zaɓen shugabanni kuwa ban ga inda ya yi kyau a WhatsApp ba. Babu sirri, mai kula da rukuni na iya cire wanda ya ga dama, kuma ba ka san wa ke riƙe da wayar ba.

Ɗan kwamitin zaɓe, Katsina:
Zaɓe ido da ido yana yiwuwa ba tare da cunkoso ba, in aka raba shi da taro. Jawaban 'yan takara a naɗe su a tura, kowa minti biyar. Ranar zaɓe a fili za a yi, ƙarƙashin rumfa, ba cikin zaure ba. Lissafinsa: mutum ɗaya na cin kamar minti ɗaya da rabi daga tantancewa zuwa jefa ƙuri'a, wato teburi ɗaya na sallamar mutum 40 a awa. Reshe mai mutum 400 da teburi biyu zai gama cikin awa biyar. A raba sassa bisa lokaci, mutum 20 kowane rabin awa a kowane teburi, a shata ƙasa da toka ko fenti tazarar mita biyu. Bokitin famfo da sabulu a bakin shiga, takunkumi na ajiya ga wanda ya zo babu, kowa da bironsa. A teburin tantancewa mutum ya sauke takunkumi daƙiƙa kaɗan a haɗa fuskarsa da katin aiki, don an sha kama mai zaɓe da katin wani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar akwati zuwa wani wuri don ƙirgawa, wai gudun taro. A ƙirga a nan, gaban wakili ɗaya na kowane ɗan takara, a sa hannu, a ɗauki hoton takardar sakamako a tura wa membobi nan take. Masu aikin dare a asibiti a ba su awa biyun farko da safe.

Ma'ajiyar reshe, ɓangaren lafiya:
Malam, rajista fa? Cikin wata shida wasu sun yi ritaya, wasu an yi musu canjin wurin aiki, kamfanoni sun sallami wasu.

Ɗan kwamitin zaɓe, Katsina:
Hajiya, a tsayar da ita tun a ƙudurin farko. Mafi sauƙin karewa shi ne jerin cirar kuɗin ƙungiya na watan da ya kamata a yi zaɓen tun asali, a liƙa shi mako biyu don ƙorafi. Wanda ya sayi fom na takara kafin kulle fom ɗinsa na nan, ba a sake sayar masa. In za a buɗe wa sababbi, sai a gurbin wanda ya rasu ko ya janye.

Lauyan ƙwadago, Kaduna:
Saura lokacin da uzurin ke ƙarewa. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta ɗage zaɓukan cike gurbi a Maris 2020, amma ta yi na gwamnan Edo ranar 19 ga Satumba, na Ondo 10 ga Oktoba. Bayan nan, reshen mutum ɗari uku da ke cewa korona ta hana shi zaɓe, alhali kasuwa na ci ana kuma sallar Juma'a, ba shi da abin faɗa wa alƙali. Akwai kuma yajin aiki: gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya ce sai an kaɗa ƙuri'a mafi yawan membobi masu rajista sun amince. Shugabancin da wa'adinsa ya ƙare in ya kira yaji, ta nan lauyan hukuma zai fara kama shi. Kwamared sakatare, in za ku gyara kundinku a taro mai zuwa, ku sa sashe ɗaya: ɗagewa ba ta wuce kwana 90, ana sabunta ta sau ɗaya tak da kashi biyu cikin uku na majalisa, kuma zaman intanet halattacce ne ga komai ban da zaɓen shugabanni. Ku turo daftarin in duba kafin ku kai wa Magatakarda.