Bawul 3-500Z na biyu ya mutu cikin wata shida, ina matsalar take?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rediyon sha'awa. Ina da tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin siginar rediyo) mai bawul biyu 3-500Z (kwalaben gilashin da ke yin aikin ƙara ƙarfin), ina aiki da ita a zangon rediyo na mita 20. Bawul ɗin soket na hagu ya mutu a watan azumi, na sa wani, yanzu shi ma ya bi sahu. Na dama kuwa lafiyarsa ƙalau.

Ga yadda abin yake: da na kunna, tun ban danna makirfo ba, allurar da ke nuna wutar girid (ragar waya da ke cikin bawul) sai ta koma ƙasa da sifili, ta faranti (ƙarfen cikin bawul da ke karɓar babbar wuta) kuma ta ɗaga. Na cire bawul ɗin na auna da mita yana sanyi, babu haɗuwa tsakanin girid da filamen (wayar da ke yin zafi a cikin bawul). Zargina sai ya yi zafi suke taɓa juna. Kafin mutuwar na farko na ji ƙara "tas" a ciki, fis ya ƙone.

Filamen ɗin volt 5 yake so, amma idan ina kan janareta nakan ga 5.4 a ƙafar soket. Wannan kaɗai zai iya lanƙwasa filamen, ko wutar da ke kwarara lokacin kunnawa ce? Sabon bawul ɗin kuma ya yi shekaru a ajiye, ban gasa shi ba (wato ban bar filamen kaɗai ya yi zafi na ɗan lokaci ba) na ɗora masa babbar wuta, wataƙila nan na yi ganganci.

Me ya sa soket ɗaya kullum? In fara da duba resistocin hana kaɗawa na kan faranti (masu hana bawul haifar da siginar da ba a so), ko fanka, tunda ƙurar hunturu ta cika ta? Bawul ɗaya ya rage mini, ina tsoron sa shi.