Shawarwarin matan Jidda kan jan karant

A wata hira da matan Hausawa mazauna Jidda suka yi, an tattauna kan jan karant, wato ƙananan 'ya'yan itacen nan jajaye masu tsami da ake shigowa da su daga Turai, ana sayarwa cikin 'yan robobi. Waɗanda suka san shi sun bayyana cewa giram 100 yana ɗauke da kimanin miligiram 41 na bitamin C, ga kuma harza mai taimaka wa narkewar abinci. Sun ba da shawarar a ci shi ɗanye cikin kindirmo, domin dafa shi da sukari yana rage bitamin ɗin. Sai dai tsadarsa ta sa wasu suka ce gwaiba, wadda ta ninka shi a bitamin C, ta wadatar, kuma a ganina suna da gaskiya.