Murafen roba na lanƙwashewa bayan na gasa su

Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin roba ku agaza min. Ina da ɗan injin zuba roba a Sabon Gari nan Zariya, muna buga murafen bokiti da irin robar da ake kira PP (polypropylene), to bayan kwana biyu sai su dinga tsagewa ta gefe. Wani injiniya a Samaru yace saurin hucewa ne, robar na daskarewa kafin ƙwayoyinta su gama jeruwa, wai in ɗumama su a oven. Na sa digiri 120 awa ɗaya tunda PP sai wajen 160 take narkewa, tsagewar ta ragu amma sun tsuke sun lanƙwashe basa rufe bokitin. Zafin ne yayi yawa ko fiddo su da nayi da wuri? Wallahi duk jarina na ciki.